Kowane Dutse Da Masu Shi

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta fara kama ƙasa a tsakanin matasanmu na Tamale. Da an samu hutun Sallah ko na ƙarshen shekara, sai a haɗa kuɗi, a ɗauki shatar mota, a tafi hawan dutse da yawon daji. Wasu su nufi Nakpanduri, can bakin gangaren Gambaga. Wasu su tafi duwatsun Tongo kusa da Bolgatanga. Wasu su yi yamma zuwa gandun dajin Mole, masu hali kuma su gangara har Afadjato a yankin Volta. Kafin su dawo, hotunansu sun riga su isowa ta Facebook da WhatsApp.

Ba abin mamaki ba ne. Tamale shimfiɗaɗɗen gari ne, yaron da ya tashi a nan Kukuo zai iya girma bai taɓa tsayawa a wurin da zai hangi ƙasa a ƙarƙashinsa ba. Amma dattawanmu suna da magana a kai, kuma na sha jin ta daga bakin masu bugo waya a shirinmu na rediyo. Cewa suke ƙoshi ne. Mutum da lafiyarsa, da kuɗinsa, ya je ya sayi wahala, ya dawo da ciwon ƙafa, me ya samo?

Wannan tuhuma tana da sauƙin amsawa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma jikin da ya saba da kujerar ofis da sirdin babur yana bukatar ya yi gumi. Keɓewa a kan dutse don tunani ma tsohon abu ne: a kogon Hira, kan dutsen Nur, Manzon Allah (SAW) yake keɓewa kafin wahayi. Wanda ya tsaya bakin gangaren Nakpanduri da asuba, ya ga daji ya miƙe har inda ido ya gaza, zai san ƙanƙantar kansa ba tare da an yi masa wa'azi ba. Wannan kaɗai riba ce.

Tambayar da ta fi damuna daban ce, kuma ba a cika yin ta ba. Wurin nan da muke zuwa shan iska, na wane ne? Kuma a matsayin me muke shigarsa?

Masu tallar yawon buɗe ido suna son su nuna mana daji da dutse kamar wurin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Wannan tunani yana da tarihi. A 1872 Amurka ta keɓe Yellowstone, gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a duniya, kuma sai da aka ture 'yan asalin wurin, waɗanda suka daɗe suna farauta da zama a cikinsa, kafin ya zama "daji marar kowa". Daga can salon ya bazu. Mole ɗinmu an keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, kuma akwai ƙauyukan da aka tasa daga cikinsa. Shirun da baƙo yake jin daɗinsa a Mole yau, da tashin waɗansu aka same shi. Manoman da ke gefen gandun kuwa har yanzu su ne ke kwana da fargabar giwa a gonarsu, giwar da mu muke biyan kuɗi mu ɗauki hotonta.

Labarin Tongo ya fi wannan nauyi. Me zai sa mutane su bar fili mai sauƙin noma su gina gidaje a tsakanin duwatsu? Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. A ƙarni na 19 farautar bayi ta addabi arewacin ƙasar nan. Mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, kasuwar Salaga kuma tana karɓar mutane kamar yadda take karɓar goro. Duwatsu su ne mafakar wanda ba shi da doki. Da Turawan Ingila suka zo, mutanen Talensi na Tongo suka ƙi miƙa wuya, har a 1911 aka tura sojoji suka kore su daga duwatsun, sai bayan shekaru suka samu komawa. Mu 'yan zango ya kamata mu karanta wannan tarihi da sunkuyar da kai, domin fataken da suka raya Salaga da harshenmu suke ciniki. In jikan fatake ya hau dutsen da jikan wanda aka farauta yake zaune, akwai ladabin da ya hau kansa ko da ba wanda ya tambaye shi.

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Kano a gindin Dala ta tsiro, Kufena na Zariya da Kwatarkwashi na Zamfara duk tsofaffin mazaunai ne. A yankinmu da wuya ka sami dutsen da ba shi da suna, ba shi da kabari, ba shi da mai kula da shi.

Sai kuma maganar wahala. A hanyar da ɗan birni yake hawa da takalmin wasanni da gorar ruwa, zai gamu da mace ta ɗauko itace ko ƙwaryar kaɗanya a ka, da goyo a baya, da silifa a ƙafa. Dutse ɗaya suke hawa, gumi ɗaya suke yi. Bambancinsu shi ne shi in ya gaji zai iya cewa ya fasa, mota tana jiransa a ƙasa. Ita ba ta da wannan zaɓi, gobe ma za ta hau. Haka yake a manyan duwatsun duniya. A Kilimanjaro 'yan dako ne ke ɗaukar tanti da tukunya, amma sunan baƙo ake rubutawa a takardar shaida. Ko a Everest, Edmund Hillary bai kai ƙololuwa shi kaɗai a 1953 ba, tare da Tenzing Norgay suka taka.

To, ashe sai mu zauna a gida ke nan? Wani zai ce in dai haka ne, zuwan ma cin fuska ne. Ban yarda ba. Ƙin zuwa ba ya rage wa matar nan nauyin itacenta, sai dai ya bar mu cikin jahilcin yadda take rayuwa. Kuma mutanen wuraren da kansu suna son baƙi: a Tengzug akwai 'yan gari masu yi wa baƙi jagora, a Mognori da ke gefen Mole ƙauyen ne ya tsara yawon kwalekwale don ya samu abin shiga. Gani ya kori ji. Abin dubawa shi ne da wace fuska za a je.

A ganina amsar tana cikin abin da iyayenmu suka riga suka koya mana game da baƙunta. Baƙo ba ya shiga gida sai da sallama. A dutse, sallama ita ce ka fara gaida masu gari, ka ɗauki ɗan jagora daga cikinsu, ka biya shi ba tare da ka tsuke shi da ciniki ba. Wanda ya iya biyan kuɗin mota daga Tamale zuwa Bolgatanga, tafiyar kusan kilomita 160, bai kamata ya tsaya jayayya a kan sidi kaɗan da yaron da zai nuna masa inda zai sa ƙafa ba.

Baƙo ba ya leƙa ɗakin da ba a buɗe masa ba. Tsohuwar da ke daka a ƙofar gidanta ba kayan kallo ba ce, a nemi izininta kafin a ɗaga waya. Ka tuna yadda matan Kukuo masu ginin tukwane za su ji in baƙo ya tsaya kansu yana ɗauka ko gaisuwa babu.

Baƙo ba ya ƙazanta tabarmar da aka shimfiɗa masa. Ledar ruwa da robar lemo da ka hau da su, ka sauko da su. A lokacin hunturu, guntun taba ko wutar gashin nama da ba a kashe ba tana iya cinye ciyawar dabbobin gari guda.

Akwai kuma wurin da abin yake da sarƙaƙiya. A Tengzug akwai wurin bautar gargajiya na Tonna'ab, kuma ƙa'idar masu shi ita ce mai shiga ya tuɓe riga da takalmi. Musulmi ko Kirista yana da cikakken haƙƙin ya ce imaninsa bai ba shi ya shiga ba, ya tsaya daga waje. Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne ya kutsa da rigarsa don ya biya kuɗi, ko ya tsaya yana yi musu dariya. Girmama mai gida ba shiga addininsa ba ne. Mu ma haka muke so baƙon da ya zo kallon masallacin Larabanga ya yi mana.

Saboda haka in dattijo ya sake tambaya me aka samo a dutse, akwai ma'aunin da za a gwada amsar da shi. Wanda ya dawo da hotuna ɗari amma bai san sunan ƙauyen da ya ratsa ba, bai san dalilin da ya sa aka gina shi a can ba, dattijon ya yi gaskiya, wahala ya saya. Wanda kuwa ciwon cinyarsa na kwana biyu ya sa ya daina taya mai itace da rainin wayo a kasuwa, ya san tarihin da ba a koya masa a makaranta ba, kuma masu gari za su yi murnar sake ganinsa, wannan kuɗinsa bai faɗi ba.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya sa masu masaukinsu su yi musu kyakkyawar shaida.