Me Ya Kawo Mu?

Tambayarmu ta wannan mako gajera ce, amma sai an nutsu kafin a amsa ta: me ya raba mu da gida ya kawo mu Ikko?

Kowa zai ce neman halal, kuma gaskiya ne. Sai dai mun sha ganin mutum biyu 'yan gari ɗaya, tirela ɗaya ta sauke su a Mile 12, ɗaki ɗaya suke kwana, wahala ɗaya suke sha. Bayan shekara biyu, ɗaya yana nan da ƙarfinsa da sallarsa, ɗayan kuwa ya faɗa shaye-shaye, ko wayar gida ba ya ɗauka. In ka bincika, sau da yawa za ka tarar na farkon ya san abin da ya zo nema: buhun taki shida kafin damina, ko sadaki, ko kuɗin makarantar ƙanwarsa. Na biyun dai ya ga ana tafiya ne ya biyo. Buhun albasan da suke ɗauka nauyinsa ɗaya, amma wanda ya san inda kuɗin dakon za su je ya fi iya jure shi.

Wani zai ce, "To Malam, ai manufa ba ta cika ciki." Haka ne. Ranar 1 ga Yuni 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, ba a tambayi kowa niyyarsa ba kafin a kama babur. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar zuwa gida ya tashi wa mai manufa da marar ita duka. Amma mu tuna abin da ya biyo baya. Wanda ya ɗauki babur a matsayin hanyar kaiwa ga wani abu, ya yi baƙin cikinsa, sannan ya nemi wata hanyar: wani ya kama tura ruwa, wani gadi, wani ya kasa kayan gwari. Wanda kuwa babur ɗin ne iyakar tunaninsa, da aka tafi da shi sai aka haɗa da ƙarfin zuciyarsa.

Dubi Abdurrahman ɗan Aufu (RA). Ya iso Madina ba shi da komai, ya baro dukiyarsa a Makka. Ɗan uwansa na Ansar, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Da ɗan cuku da man shanu ya fara, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Ya san saboda Allah ya yi hijira, shi ya sa rasa dukiya bai karya shi ba, fara ƙaramin ciniki kuma bai zame masa abin kunya ba.

A nan ne darasin yake. Manufa hawa biyu ce. Akwai ta kusa: taki, aure, rufin ɗaki, jari. Akwai ta nesa: Allah Ya yarda da mu, iyali su ci halal, iyaye su sa mana albarka. Ta kusa gobarar kasuwa ko ciwon wata ɗaya na iya cinye ta. Ta nesa babu ma'aikacin da zai ɗora ta a mota ya tafi da ita. Kuma ita ce ke tsare ta kusa, don wanda kuɗi kaɗai ya sa a gaba, ranar da halal ta yi wuya zai iya miƙa hannu ga abin da zai ja mana zagi gaba ɗaya.

Sannan niyya tana tsufa. Da yawanmu ci-ranin wata huɗu muka zo, ga shi an shekara goma. Zama ba laifi ba ne, amma zama ba tare da sanin dalili ba shi ne ke cinye mutum. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, to amma sai ya san wa zai ba romon.

Saboda haka yau bayan sallah kowa ya tambayi kansa: me nake tarawa, don wa, zuwa yaushe? Wanda ya samu amsa ya shiga adashi, ya kira gida ya faɗa musu. Dattawanmu kuma, in kun ga sabon yaro ya sauka, bayan tabarma da abinci ku yi masa wannan tambayar. In ba shi da amsa, ku zaunar da shi ku taya shi nema.

Allah Ya gyara mana niyya, Ya sa albarka a neman da muke yi, Ya sada mu da iyalanmu lafiya. Amin.