Gwarzon labari na wane ne?

A shekarar 2016, Nick Spencer, marubucin littattafan zane a Amurka, ya fito da wani shiri: wai Kyaftin Amurka, gwarzon da Joe Simon da Jack Kirby suka ƙago a 1941 yana naushin Hitila, ashe ɗan ƙungiyar miyagu ne mai suna Hydra. Masoya suka yi masa ca, har wasu suka yi masa barazanar kisa. A ƙasar Hausa ma mun ga makamancin haka: da aka kashe Mahmud a shirin Labarina na Aminu Saira, masu kallo da dama sun ji kamar a gidansu aka yi rashi.

Shin fushin nan yana da hujja? A ganina, abu biyu ne ake cakuɗawa: halin gwarzo da ƙaddararsa.

Hali amana ce tsakanin mai ba da labari da mai saurare. Duk kakar da ta zauna tatsuniya a tsakar gida a Safo, ta ce Gizo ya tsinci nama ya mayar wa mai shi, yaro ɗan shekara biyar ma zai katse ta, kuma yaron ne mai gaskiya. Gizo ya girmi kakar, ba ita ta yi shi ba. Saboda haka masu ƙorafi a kan Spencer suna da abin faɗi, ko da yake barazanar kisa saboda mutumin tawada rashin hankali ne tsagwaronsa.

Ƙaddara kuwa ba ta masu saurare ba ce. In har ba a yarda gwarzo ya faɗi ko ya mutu ba, to, jarumtarsa ta zama wasan yara, domin babu abin da yake sayarwa da ransa. Mutuwar Mahmud ta yi zafi, amma ba ta ci amanar kowa ba.

An ma taɓa miƙa wa masoya wuƙa da nama. A 1988 kamfanin DC ya ce masu karatu su buga waya su zaɓi ko Jason Todd, yaron Batman, ya rayu ko ya mutu. Mutuwa ta samu ƙuri'a 5,343, rayuwa 5,271. Da tazarar 72 masoyan da kansu suka kashe yaron, marubuci Jim Starlin ya zama mai zartar da hukunci kawai. Sai a 2005 kamfanin ya tashe shi daga kabari.