Laifin Wa Ne?

'Yar'uwa, in injin fotokwafi na ofis ya lalace, laifin wa ne?

A cikinsa akwai rola mai zafi, ita ke narkar da garin tawada ya kama takarda. In haƙoran giyarta suka cinye sai ta fara ƙara, takarda ta riƙa maƙalewa. Kowa ya ji ya yi shiru, wai ba nasa ba ne. Wata ma wuƙa za ta sa, ta kankare rolar, ta sulale abinta.

Alhali kashe injin ake yi ya huce, a jawo takardar a hankali, a kira mai gyara. Wadda ta ji ƙarar ta yi gum, da hannunta a ɓarnar, domin kayan taro amana ne. Allah ya sa mu gane.