Tonon Gaskiya ko Cin Mutunci?

'Yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano, ya wuce Janguza ya nufi Rimin Gado a lokacin neman ƙuri'a, ba ya bukatar a gaya masa zaɓe ya ƙarato. Hotunan 'yan takara ne a jikin kowace bishiya da katangar makaranta, an manna na wannan a kan fuskar wancan. Mota mai lasifika tana zagaya ƙauyuka da waƙar habaici. Da dare kuwa, bayan an gama wahalar yini, sai a kunna rediyo a majalisa, waɗanda Kanawa suke kira sojojin baka su shigo fili, kowanne da ubangidansa. A sa'a guda za ka ji an ambaci asalin ɗan takara, da iyalinsa, da lafiyar jikinsa, amma da wuya ka ji an ambaci kuɗin buhun taki.

Da yawa cikinmu sun gaji. Amma gajiya ba hujja ba ce, don haka ya kamata mu tambayi lamirinmu: mene ne ainihin laifin wannan abu? Gama ba kowace suka ce ɓatanci ba.

Wanda ya fito neman mulki ya roƙi a ba shi amanar dukiyar jama'a ne, kuma mai ba da ajiya yana da ikon ya bincika halin mai karɓa. In shugaban ƙaramar hukuma ya karɓi kuɗin rijiyar burtsatse bai haƙa ba, abokin takararsa da ya faɗi haka a bainar jama'a ya yi mana aiki, ko da don kansa ya yi. A shekarar 2018 jaridar Daily Nigerian ta fitar da hotunan bidiyo da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Shi ya musanta. Ba mu ne alƙalai ba, amma babu mai gardama cewa maganar ta shafi kowane mai ƙuri'a, domin a kan kuɗin jama'a take. Siyasar da ba a tona irin wannan a cikinta, siyasar rufa-rufa ce, ba zaman lafiya ba.

To, sai mu dubi wani misalin. A watan Janairu na 2015, Shugaba Goodluck Jonathan da Janar Muhammadu Buhari suka sa hannu a wata yarjejeniya a Abuja, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, cewa za a guji kalaman tunzura jama'a. Watan bai ƙare ba sai gwamnan Ekiti, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na wasu jaridu, ya jera hotunan Murtala Muhammed da Sani Abacha da Umaru Musa 'Yar'aduwa, shugabannin da suka rasu a kan mulki, sa'an nan ya sa hoton Buhari da alamar tambaya. Biyu daga cikin mamatan nan 'yan Kano ne, iyalansu kuma suna raye suna gani. Me wannan talla ta koya wa mai zaɓe game da makarantu ko asibitoci? Ba kome. Tsoro kawai ta sayar, da gawar mutane.

Ga inda iyakar take, a ganinmu. Suka tana duban abin da mutum ya aikata da amanar da aka ba shi, ana kuma iya bincikarta a ce gaskiya ce ko ƙarya. Cin mutunci kuwa yana duban abin da mutum bai zaɓa ba, ko abin da ba ruwan jama'a da shi: uwarsa, ƙabilarsa, addininsa, cutarsa, ajalinsa. Na farkon yana ɗaukarmu masu hankali waɗanda za a kawo wa hujja. Na biyun yana ɗaukarmu kamar garke, a kaɗa mu da ihu. Shi ya sa wanda aka fara wulakantawa a irin wannan talla ba ɗan takarar ba ne, mai sauraro ne.

Kada mu ce wai abin sabo ne. Kano ta daɗe da zafin siyasa. Tun bayan kafa NEPU a 1950, ita da NPC suka yi ta jifan juna da waƙoƙi, har aka kai ga ƙungiyar da aka sa wa suna Jam'iyyar Mahaukata. A jamhuriya ta biyu PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, tsakanin mutanen Abubakar Rimi da na Malam Aminu Kano, dattawanmu kuma suna tuna gidajen da wa da ƙane suka daina cin tuwo a akushi ɗaya. Sai dai a wancan zamani, ko a cikin zagin akwai magana: haraji, jangali, ikon sarakuna, 'yancin talaka. Yau sau da yawa zagin ne kaɗai ya rage, an kuma mai da shi sana'a, da kuɗin fili a rediyo da ɗan abin sawa a aljihu. Wayar hannu ta zo ta ƙara masa fiffike. Abin da aka faɗa a birni da safe, kafin azahar yana hannun yaro a gona.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 92, ta hana yin kamfe da zagi ko kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah ya sha tara 'yan takara su sa hannu a takarda. Ba a banza ake wannan ƙoƙari ba: ƙungiyar Human Rights Watch ta ce fiye da mutum 800 aka kashe a arewa cikin kwana uku bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011. Wutar nan ba a ranar zaɓe aka hura ta ba.

Amma akwai abin da takarda ba ta iya gyarawa, shi ne mu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sojan baka ba zai sami mai ɗaukarsa ba in da ba a taruwa a saurare shi. Mu ne muke ƙyalƙyalewa da dariya a teburin mai shayi in an yi wa na wancan ɓangare tsirara, mu ne kuma muke cewa an yi rashin kunya in an taɓa namu. Wanda ya tura saƙon ƙarya zuwa wayar maƙwabcinsa bai ƙirƙira ba, gaskiya ne, amma ya ɗauki kayan ya kai. Ɗan dako ma yana da hannu a cikin kayan sata in ya san na sata ne.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, manyan ba sa riƙe juna. Ganduje ya yi wa Rabi'u Musa Kwankwaso mataimaki shekara takwas kafin su ɓata. Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Kwankwaso a 2003, suka yi shekaru ba sa ga maciji, sai ga su a jam'iyya ɗaya ta NNPP a 2022, bayan 'yan watanni kuma suka sake rabuwa. A wurinsu yau faɗa, gobe hoto ana murmushi. Suna da faffaɗan falo inda ake sulhu da dare.

Manomin Rimin Gado ba shi da wannan falo. Gonarsa tana jingine da ta maƙwabcinsa, iyakarsu 'yar gamba ce. Rijiyarsu ɗaya, wataƙila 'yarsa tana aure a gidan. Kalmar da ya aro daga rediyo ya jefa wa wannan maƙwabci a watan Fabrairu, shi zai zauna da ita. Magana zarar bunu ce. Zaɓen gwamna na 2023 an yi shi ranar 18 ga Maris, shari'arsa ba ta ƙare ba sai a Kotun Ƙoli cikin Janairun 2024. Tsakanin waɗannan ranaku biyu damina ta sauka, ruwa ya wanke hotunan daga jikin bishiyoyi, aka yi shuka, aka yi noman farko da maimai, aka kira gayya. A wasu gonakin, akwai fartanyar da ba ta zo ba.