Mahaifar da Aka Cire Ba Tabo: Wa Ke da Hakkin Sani?

A 1989 wani likitan mata a jihar Pennsylvania ta Amurka, Harry Reich, ya wallafa rahoton yadda ya cire mahaifar wata mata ba tare da ya tsaga cikinta ba. Yau aikin ya zama ruwan dare a manyan asibitoci. Ana huda ciki wuri uku ko huɗu, kowace huda kimanin santimita ɗaya ko ƙasa da haka, ɗaya a cibiya. A hura iska cikin ya kumbura, a zura kyamara da dogayen almakasai, likita na kallon talabijin yana aiki, sannan a zaro mahaifar ta gaba. Kwana ɗaya ko biyu mace ta koma gida, sau da yawa kafaɗarta ce ma ke ciwo saboda ragowar iskar. Bayan 'yan watanni, ko mai yi mata wankan jego a da ba za ta gane an taɓa ta ba.

Halascin aikin ba shi ne abin da ya fi wuya ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta kashe haihuwa kwata-kwata sai in larura ta tilasta. Matar da sankara ta kama, ko wadda ƙarin mahaifa ya sa take zubar da jini har ana yi mata ƙarin jini, larurarta a fili take, kuma wannan ƙarin mahaifa ya fi addabar mata baƙar fata. Abin lura kawai shi ne ƙanƙantar rauni na iya sa miji da mata su ɗauki shawarar da sauƙi, alhali abin da aka rasa ɗaya ne ko ta wace hanya aka bi.

Tambayar da ta fi nauyi ta taso ne daga ɓacewar tabon. A da, tsagar da ke ƙasan cibiya ita ke ba da labari. Yanzu bazawara 'yar shekara 34 na iya sake aure, angon bai san komai ba, uwarsa na ƙirga watanni tana jiran ganin laulayi. Dole ne ta faɗa?

Malikiyya sun jera aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure: hauka, kuturta, albaras, da cututtukan al'aura masu hana saduwa. Rashin haihuwa ba ya cikinsu, kuma hikimar a bayyane take, domin a zamaninsu ba wanda zai iya rantsuwa cewa wance ba za ta taɓa haihuwa ba. Nawa aka kira juya suka haihu bayan shekara goma? Amma matar da aka cire wa mahaifa ta sani tabbas, da takardar asibiti a jakarta. Ibnul Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya ƙi yarda a taƙaita aibobi a jeri guda, ya kuma kawo labarin Sayyidina Umar da ya umarci wani mutum marar haihuwa ya sanar da matar da ya aura, ya ba ta zaɓi. Wanda aka matsa wa a labarin namiji ne, abin da masu saurin ɗora wa mata laifi kan manta. Ra'ayin da ya fi kama hankali shi ne manemin da ya fito da gaske yana da hakkin ji daga bakinta kafin a sa rana. Kishiya, ƙawayen unguwa da 'yan'uwan miji ba su da wannan hakki, likita kuma ba shi da izinin faɗa wa kowa.

Ita kanta tana da abin da dole ta sani, don ibadarta ta rataya a kai. Idan an cire mahaifar gaba ɗaya, haila ta ƙare, ba sauran hutun salla ko ramuwar azumi, kuma malaman zamani da dama sun sa iddarta ta saki wata uku, kamar ta wadda ta daina al'ada. Sai dai wani lokaci likita kan bar bakin mahaifa, wasu matan kuma su ci gaba da ganin ɗan ɗigon jini wata-wata. Haila ce ko jinin ciwo? Malamin da aka kai wa tambayar ba zai iya amsawa ba sai ya san abin da aka cire da abin da aka bari. Mata da yawa kan fito daga asibiti da kalma ɗaya tak, “an cire”, musamman inda miji ne ya sa hannu a takarda aka yi masa bayani a baranda, ita tana kwance.

Dashen mahaifa ma ya shigo cikin lissafin. An fara gwada shi a Jidda a 2000, aka cire dashen bayan kwana 99, sai a 2014 aka haifi jariri na farko ta wannan hanya a Gothenburg ta ƙasar Suwidin. Majalisar Fiƙihun ta riga ta halatta shi tun 1990, ta hana dashen gidan ƙwan mace da 'ya'yan maraina saboda su ke ɗauke da gadon nasaba. Aikin yana buƙatar mai bayarwa, da magungunan hana jiki ƙin dashen, da haɗa ƙwai a kwalba, don haka ba abin da bazawarar nan za ta iya yi wa manemi alkawari da shi ba ne.