Tallan Kayan Kyauta da Wajibcin Faɗin Gaskiya

LibreOffice manhajar ofis ce da ake rubuta wasiƙu da lissafi da shirya jawabi da ita, kuma kowa na iya sauke ta daga intanet ba tare da biyan ko sisi ba. Ta ɓalle daga OpenOffice.org a shekarar 2010, kuma gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ce ke kula da ita. Tushenta a buɗe yake, mai iyawa na iya dubawa ya gyara. Duk da haka tana da masu tallata ta, galibinsu 'yan sa-kai, waɗanda ke shelanta kowane sabon fasali da aka ƙara mata. Daga nan tambaya ke tasowa: shin wajibcin faɗin gaskiya da ke kan ɗan kasuwa yana hawa kan mai tallan abin da ba sayarwa yake yi ba?

A fiƙihun ciniki hukuncin ɗan kasuwa a bayyane yake. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya kuma zarge shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Risala ta Ibn Abi Zaid ta lissafa ɓoye aibi cikin abubuwan da aka hana a ciniki. Imam Gazali kuwa, a cikin Ihya, ya yarda mai haja ya ambaci alherin da ke cikinta wanda mai saye ba zai gane da kansa ba, muddin bai yabe ta da abin da babu ba.

Kyauta tana da nata hukuncin. Mai saye na da zaɓin mayar da haja idan ya ga aibi saboda ya biya kuɗi. Wanda aka ba kyauta ba shi da kuɗin da zai nema a dawo masa. Lasisin Mozilla da ake raba LibreOffice a ƙarƙashinsa ma ya faɗa ƙarara cewa babu garanti. Wannan ce hujjar masu ganin cewa ba laifi mai tallan kyauta ya ɗan ƙara gishiri, tunda niyyarsa alheri ce kuma ba ya cin riba.

Raunin hujjar shi ne ta ɗauki kuɗi a matsayin abu ɗaya tilo da mutum ke bayarwa. Ofishin da ya koma sabuwar manhaja yana kashe lokaci wajen horar da ma'aikata, yana kuma danƙa mata takardun shekaru. Idan an gaya masa cewa tana buɗe duk takardun Microsoft Word ba tare da matsala ba, sannan jadawali ya wargaje ranar miƙa rahoto, ya yi asara ko da bai biya komai ba. Rashin farashi yana kawar da haƙƙin neman a mayar da kuɗi, amma haramcin ƙarya yana nan, domin ƙarya ba sai a kasuwa take zama laifi ba. Kyakkyawar niyya ma ba ta halatta ta.

Tarihin manhajar ya nuna yadda ake ɗora jiƙaƙƙen a sama. A shekarar 2017, cikin fitowa ta 5.3, an gabatar da NotebookBar, wani sabon tsarin maɓallai mai kama da wanda Microsoft ya kawo a Office 2007. An tallata shi, amma an ajiye shi cikin rukunin abubuwan gwaji, wanda sai mutum ya kunna da kansa. Ba a fitar da shi daga wannan rukuni ba sai a fitowa ta 6.2 a 2019. Kalmar gwaji a nan ita ce bayyana aibi: an ce ga sabon abu, an kuma ce bai gama nuna ba.

Suna ma yana iya ruɗarwa ba tare da an yi ƙarya ba. A 2020 an gwada liƙa wa fitowa ta 7.0 laƙabin da ke nuna ta amfanin mutum ɗaya ce, don a zaburar da kamfanoni su nemi tallafin da ake biya. Masu amfani da ita da yawa suka ƙi, suna cewa laƙabin zai sa a zaci an rage mata ƙarfi ko an hana ofisoshi amfani da ita, alhali lasisin bai canza ba. Aka janye shi kafin fitowar.

Saboda haka ma'aunin bai tsaya ga ko kowace kalma gaskiya ce ba. Ana duba abin da mai sauraro zai fahimta ya gina aikinsa a kai. Mai tallan manhajar kyauta yana da damar ya yabi abin da ke akwai, kuma wajibi ne ya faɗi abin da bai kammala ba.