Ƙuduji a Gonar Mai Bi

Ya ɗan'uwana, kowane manomi daga Tasawa har Mayahi ya san ƙuduji. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana kuwa iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Da ya ji saiwar hatsi kusa, sai ya tsiro ya manne mata, yana shan ƙarfinta a ɓoye. Kafin ka ga furensa, ɓarna ta riga ta auku.

Haka zunubi yake. Ran da ka karɓi Yesu Almasihu, an gafarta maka, gona ta zama ta Ubangiji. Amma irin tsohon hali yana nan cikin ƙasar zuciya. Manzo Bulus kansa ya yi kukan wannan yaƙi cikin Romawa 7. Yaƙub 1:14-15 kuma ya nuna mana sha'awar kanmu ita ce saiwar da jaraba ke kamawa. Kada mu ɗora wa Shaiɗan laifin duka.

Ni ma na fāɗi. A yunwar 2005 ina da sauran hatsi a rumbu. Wata gwauruwa ta zo awo, na auna mata da tiyar da ba ta cika ba. Ga shi kuwa ni ke karanta Littafi ran Lahadi! Da na bincika, na tarar na yi watanni ban durƙusa ni kaɗai gaban Allah ba. Ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ba a kai mata taki. Sai da na mayar mata da hatsinta, na roƙi gafara, kana na sami barci.

To, mene ne magani? Ka kai taki: Maganar Allah da addu'a kowace safiya, tare da iyalinka. Ka cire ƙuduji tun bai zuba iri ba: ka furta zunubinka yau (1 Yohanna 1:9). Ka nisanci inda ka saba fāɗuwa, ko gidan giya ne, ko wurin caca, ko zauren boka. Kada ka yi noman nan kai kaɗai, ka kira gayya: ka gaya wa wani dattijon ikkilisiya.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3, duk da haka Yesu ya maido shi. Kai ma yana kiranka. Wane ƙuduji ne ke cikin gonarka yau?